Kwamfutar Mutumin Warra

Wata Talata ce a tsakiyar bazara, zafi ya kwantar da garin Yelwa. Zulaihatu tana zaune a teburinta cikin shagon Baffanta Dudu, kusa da tashar mota, sai wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofa. Saurayin da ke bayansa ya sauko rungume da wani abu naɗe cikin bargo, yana takawa a hankali kamar wanda ya ɗauko jariri.

Ya yi sallama, ya ajiye kayan a kan benci, ya duba hagu da dama.

"Don Allah ina mai shagon? An ce min a nan ake ƙara wa kwamfuta gudu."

"Baffa ya tafi masallaci," ta ce. "Amma shi waya yake gyarawa. Idan kwamfuta ce, ni ce."

Ya kalli fuskarta, ya kalli sukundireban da ke hannunta, sai ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Ki yi haƙuri, Injiniya. Ban sani ba."

Sunansa Lukman, daga Warra ya zo. Ƙungiyar masu jiragen ruwa ta garinsu ta samu wata na'ura da ake ɗaurawa a jikin kwale-kwale tana auna zurfin ruwa. Shi ne ke bin hanyoyin jiragen yana awo, ya dawo ya zuba a kwamfuta ta zana taswira. Tun da aka datse ruwan Kainji ya cinye dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashi. Idan ruwa ya ja baya ana ganin kawunansu. Idan ya cika sai su ɓace, jirgi ya hau kansu cike da mutane.

"Kowane yanki sai ya ci mata kwana biyu," ya ce. "Ina da yanki talatin. Idan ruwa ya dawo ban gama ba, aikin bana ya tashi a banza."

Zulaihatu ta yaye bargon. Shekara bakwai ke nan da yayanta Bashiru ya shiga jirgin kasuwa bai dawo ba, kuma kututture aka ce jirgin ya daka.

Ta kwance murfin kwamfutar. Wani wari ya bugo ta, ta ja da baya.

"Kifi kake bandawa a ciki?"

"Ɗakina yana bayan masu banda ne," ya ce cikin jin kunya.

Hayaƙi ya yi wa fankokin baƙin danƙo, da ƙyar suke juyawa. Ta nuna masa firosesa, ɗan abin nan mai faɗin akwatin ashana da ke yin duk lissafin, ta nuna masa katin girafik mai zana hoto. Ta ce za a iya sa su gudu fiye da yadda kamfani ya saita su, amma gudu wuta yake ci, wuta kuma zafi take haifarwa, ga shi garin ma kansa yana digiri arba'in da biyu.

"Zuwa yamma za ki gama?"

"Kwana huɗu."

"Huɗu?"

"Idan kana sauri, akwai masu yi maka a minti goma. Ni ba na cikinsu."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya karanto mata lambar wayarsa, ta rubuta a jikin akwatin kwamfutar da alli.

Ranar farko wanki kawai ta yi. Ta goge fankoki, ta kankare tsohon man da ya bushe a kan firosesa ta shafa sabo, ta ɗora masa babban abin sanyaya mai bututun jan ƙarfe. Ta ƙara fanka biyu a gaba masu jawo iska, ɗaya a baya mai fitarwa. Washegari ta fara ƙarin gudun, kaɗan-kaɗan. Ta ɗaga, ta ba kwamfutar aiki mai nauyi na awa guda, ta zauna idonta a kan lambar zafi. Duk lokacin da lambar ta haura tamanin sai ta ji gabanta na faɗuwa. Haka take tun tana yarinya, ba ta iya barin abu a kan wuta ta juya baya.

Da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Injiniya, ya jikin mara lafiya?"

"Da sauƙi. Ta tashi daga giga uku da ɗigo shida zuwa huɗu. Zafi saba'in da tara."

"Ban gane ko ɗaya ba, amma na ji daɗi. Ke fa, kin ci abinci?"

Ta daɗe tana kallon tambayar kafin ta rubuta, "Na ci."

A rana ta uku ta koma kan katin girafik. Ta dinga ƙara masa har sai da wasu ɗigo-ɗigo kore suka fara yawo a kan allo, alamar ya gaji, sai ta dawo da shi baya taki biyu ta bar shi a nan. Lukman ya zo ranar, wai ya zo sayen igiya a kasuwa. Bai tafi da igiya ba. Ya zauna a benci suna hira har Baffa Dudu ya yi gyaran murya sau biyu.

Ranar da zai ɗauka ta rubuta masa a takarda ta manna a jikin akwatin.

"Ƙarfin wutar firosesa ɗaya da ɗigo talatin da biyar na tsayar. Kada kowa ya wuce nan. Idan zafi ya kai tamanin da biyar, ka kashe. Ka ɗora ta a kan tebur, nesa da bango. Ka kunna bayan asuba, ka ba ta hutu da azahar."

"To ni wa zai ba ni hutu?" ya tambaya a hankali. "Kwana huɗu ban yi tunanin komai ba sai shagon nan."

Ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska. "Kwamfutarka kake tunani."

"Har da ita."

Kwamfutar ta koma Warra tana gama yanki a kwana ɗaya da rabi. Saƙonni kuwa ba su tsaya ba. Kullum da safe zai turo mata hoton lambar zafi, a ƙasa ya rubuta, "Saba'in da shida, Injiniyata. Na shiga ruwa, ki yi min addu'a." Ita kuma ba ta samun natsuwa sai ya rubuto, "Na fito." Ranar da ya makara da awa biyu, sai da ta ɓata wayar wani mutum da Baffa ya ba ta ta riƙe masa, ta sa batir a juye.

"Ka daina yi min haka, Mutumin Warra," ta rubuta.

"Na tuba, sanyin idona. Injin jirgi ne ya ƙi tashi. Ki ba ni izini in turo manyana."

A daren ba ta amsa ba. Da safe, bayan ta gama shara, ta samu Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta durƙusa ta faɗa mata. Inna ta saurara har ƙarshe.

"Mi yaka yi, yaron?"

"Taswira yake zanawa, Inna. A kwamfuta."

"Taswirar mi?"

"Ta ruwa."

"Shina shiga?"

"Yana shiga."

Inna ta ajiye faifan. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata Zulaihatu.

"Kwana ukku ina zaune bakin ruwa kahin a hiddo min Bashiru. Ke kina gida, ba ki gani ba. Ba ni ba ruwan ga wani nawa kuma. Ba ni zama in ga ɗiyata tana kallon ƙohwa kullum da marece. Ga Sufyanu nan maƙwabcin shagonku, ya daɗe shina gaishe ni. Ƙahwahunai bisa ƙasa suke."

Sufyanu shi ne mai gidan gem, wurin wasan kwamfuta da ke jikin shagon Baffa. Ba mugu ba ne, amma bai taɓa jin wani ya san abu ya ƙyale shi ba. Ya sha gaya wa Zulaihatu cewa tsoro ya yi mata yawa, shi kwamfutocinsa har ɗaya da rabi yake ba su wuta. Ya sha kawo mata lemo mai sanyi, ita kuma ta sha miƙa wa Baffa.

Inna ta ce ta zauna a gida mako guda, kuma kada ta ji ana waya. Zulaihatu ta shiga ɗaki ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. Ta kasa gaya masa cewa an ƙi shi.

"Ka ba ni 'yan kwanaki. Kada ka kira. Zan yi maka bayani."

Ya amsa, "To." Daga nan shiru.

A kwana na biyar ta kasa daurewa. "Ya aiki?" ta tura. Babu amsa. Da yamma hadarin farko ya haɗo daga gabas, iska ta taso har ta ɗage kwanon maƙwabta. Zulaihatu ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana kallon sama, tana lissafin inda jirginsa zai kasance a wannan lokacin. Ta saɓa wa Inna ta kira. Wayar a kashe. Ta sake kira har sau tara.

Washegari ma a kashe. Duk mai sallama a ƙofar gida sai ta miƙe tsaye. Inna tana ganinta, da za ta wuce ta ce, "Kin ga abin da nika hwaɗa miki."

Ranar da ta koma shago, ba ta kai ga zama ba sai ga babur ya tsaya. Lukman ne, da bargonsa. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Kana raye," ta ce.

"Ina raye. Wayata na kashe." Bai kalle ta ba. "Ba don kaina na zo ba. Kwamfutar ce ta mutu, kuma saura yanki goma sha ɗaya."

Ta buɗe murfin. Wannan karon ƙauri ne ya bugo ta. Gefen firosesa, inda wuta ke shiga, babban allon cikin kwamfutar ya yi baƙi ya kumbura.

"Wa ya taɓa ta?"

Ya kau da kai.

"Lukman, ni na san abin da na saita. Wa ya taɓa ta?"

Sai ya faɗa mata. Shugaban ƙungiya ya ce ruwa zai dawo da wuri bana. Ya ɗauko kwamfutar ya zo ranar Alhamis ko za ta iya ƙara mata ko kaɗan, kuma ko zai ga fuskarta. Ya tarar da teburinta a rufe, Baffa ya fita. Sufyanu ya leƙo ya ce ai Zulaihatu tana gida, ana shirin karɓar manyansa, shi Sufyanun. Sannan ya ce a kawo kwamfutar, shi zai nuna masa yadda maza ke yi.

"Nawa ya sa mata?"

"Ɗaya da rabi. Ta yi gudu kwana biyu kamar ba ita ba. Rana ta uku da azahar na ji ƙauri."

"Takardar da na manna fa?"

"Na gan ta."

"Ka gan ta." Ta ajiye sukundireba. "Wani ya gaya maka magana a bakin titi, ka yarda. Ba ka tambaye ni ba. Ka kashe waya ranar da aka yi iska, ka bar ni ina jiran a zo a ce min an ga hularka a kan ruwa. Ka san yayana a ruwan nan ya mutu?"

Ya ɗago da sauri. "Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Shi ya sa Inna ta ƙi ka. Ba don Sufyanu ba. Babu manyan da suka zo gidanmu."

Lukman ya zauna a benci ya dafe kansa da hannu biyu. Can ya ce, "Ke ma da kin faɗa min, Zulai. 'Yan kalmomi kika ba ni, na kwana biyar ina juya su."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta share idonta da gefen mayafi, ta jawo kwamfutar gabanta.

Baffa Dudu, wanda ya ji komai daga bayan kanta, ya tashi ya shiga gidan gem. Ba a ji abin da ya ce ba. Bayan ɗan lokaci Sufyanu ya fito ya tsaya a ƙofa, ya ce shi wasa yake yi, bai san za a ɗauka da zafi ba. Ya ƙara da cewa a yi haƙuri, ya koma.

Firosesa da allon cikin sun tafi. Amma katin girafik ya tsira, ma'ajiyar bayanai ma lafiya lau, duk awon da ya yi yana ciki. Zulaihatu ta juya ta kalli tata kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur, wadda ta shekara biyu tana haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Ta durƙusa ta fara kwance ta don ta cire firosesa da allonta ta sa a tasa.

"A'a, Zulai."

"Ba kai na ba ba. Riƙe min fitilar nan."

A shagon aka ƙarasa aikin, a gabanta. Ta sake bin matakan daga farko, ba ta tsallake ko ɗaya ba, duk da kowace safiya Lukman yana turo mata hoton wani dutse a bakin ruwa da ruwan ke hawa a hankali. Ta jiƙa buhu ta rataya a taga don iskar da ke shigowa ta yi sanyi. Sau biyu lambar ta taɓa tamanin da huɗu, ta tsaya da yatsa a kan maɓalli tana salati har ta sauko. A rana ta goma sha shida yanki na ƙarshe ya fito.

Baffa ne ya kai Lukman wurin Inna, da taswirar a naɗe. Inna ta zauna a tabarma ta juya musu gefe. Zulaihatu tana bayan labule, tana saurare.

Bayan gaisuwa Lukman ya ce, "Inna, ban zo in ce ruwa ba ya kisa ba. Kawuna ma a ciki ya tafi. Na zo ne ki ga abin da nake shiga yi."

Ya shimfiɗa takardar. Shuɗi ce, da jajayen ɗigo birjik. Inna ta daɗe ba ta kalla ba. Sannan ta juyo.

"Akwai wani ɗan tsibiri, inda jiragen kasuwa ka karya kwana in sun hito Warra."

Ya sa yatsa a wurin. Jajayen ɗigo bakwai ne a jere, kusan a tsakiyar hanya.

"Kututture bakwai ne. Shekaranjiya mun ɗaura wa kowanne jarka rawaya. Ko ruwa ya rufe su, direba zai hango daga nesa."

Inna ta ɗora tafin hannunta a kan wurin. Da ta ɗauke hannun sai ta ce, "Ku tahi, na ji."

Mako biyu ba ta sake tayar da maganar ba. Zulaihatu ta dinga karanta fuskarta safe da yamma, ba ta ganin komai. Lukman ya rubuto, "Ko shekara ce zan jira, Injiniyata. Na koyi darasi." Ta amsa, "Ni ce ban san ko zan iya ba."

Wata Juma'a da hantsi Inna ta kira ta ɗaki.

"Tsoron ga ba ya barina, har in mutu. Amma na ga kin riga kin shiga cikinai, ko na hana ko ban hana ba. Ki gaya mai, ba ya taka jirgi babu rigar ruwa. In hadari ya haɗo, ko gwamna ka jiranai, ya zamna gida. In ya yarda, ya turo."

Zulaihatu ta kifa kanta a cinyar Inna ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. Inna tana shafa bayanta, ita ma tana share nata.

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Baffa Dudu. Masu jiragen Warra suka cika mota uku, suka zo da kifi banda kwando-kwando har maƙwabta suka samu. Zulaihatu tana ɗaki cikin ƙawaye, hannuwanta sun sha lalle, ba ta jin abin da ake faɗa a waje. Sai tambaya take ko an fara, ko liman ya zo, ko wani abu ya faru. Wayarta ta yi ƙara.

"An ɗaura, matata. Abokaina sun gyara min hula sau uku. Alhamdulillahi."

Ta karanta sau biyu, ta rufe fuskarta da mayafi, ƙawaye suka ɗauki guɗa.

Da la'asar, da za a tafi da ita, Inna ta kama hannunta ta sa a hannun gwaggon Lukman. Sannan ta aika a kira mata angon har zaure. Ya durƙusa a gabanta.

"Ɗiyar ga ba ta da hayaniya, amma komi a ranta take ajewa. In ka ga ta yi shiru, ka tambaye ta. Kak ka jira."

"In sha Allahu, Inna."

"Tashi, ɗana. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari. Allah shi kai ka, shi maido mata kai kullum."

Duk zauren aka amsa da amin. Zulaihatu ta ji muryar mijinta a cikinsu, ta fi ta kowa ƙarfi.